Auduga Aka Zo Nema, Gyaɗa Ta Cika Jirgi: Ƙawancen Fataken Kano Da Kamfanonin Turawa

 

A 'yan shekarun nan, duk taron da aka tara matasa a kan sana'a da kasuwanci, magana ɗaya ce ke yawo a bakin masu jawabi: haɗin gwiwa. Ka nemi abokin hulɗa daga waje, mai jari ko mai fasaha ko mai kasuwar da ƙafarka ba ta kaiwa, ku haɗa hannu, sai a ga sabon abu ya fito. Maganar ba ƙarya ba ce, sai dai ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce an ƙulla irin wannan ƙawance a Kano tsakanin fataken goro da kamfanonin Turawa, kuma shi ne ya haifi dalar gyaɗar da har gobe muke alfahari da hotonta. Yau za mu bi labarin daga tushe, saboda yana ɗauke da amsar tambayoyi biyu da suka shafe mu. Me ke sa ƙawance ya haifi sabon abu? Idan kuma an zo rabo, wuƙa da nama a hannun wa suke?

KAFIN JIRGI YA ISO

Ba Bature ne ya koya wa Bahaushe hulɗa da baƙo ba. A cikin birnin Kano akwai unguwar Dandalin Turawa, kuma Turawan da ake nufi Larabawan Gadamas da Tarabulus ne, waɗanda suka zauna a nan tun kafin Ingilishi su ci garin a 1903. Suna kawo alharini da takarda da turare da duwatsun ado, su koma da fatu da hauren giwa da gashin jimina, har da bayi, wanda shi ne baƙin tabon wancan ciniki. Fatar jar akuyar Sakkwato da majemanmu suka jeme takan haye Sahara ta isa Turai, a can kuma a kira ta fatar Maroko. Mu riƙe wannan a zuci, za mu dawo kansa: kayan namu, sunan na wani.

Amma makarantar da ta fi horar da attajiran Kano ita ce hanyar Gwanja. Goron da muke ci a wancan zamani daga dazukan Asante yake fitowa, cikin ƙasar Gana ta yau, mu kuwa ba a ɗaurin aure ko suna sai da shi. Zuriya uku suka yi fice a wannan fatauci: Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Ayari kan tashi da rani da jakuna da takarkari, ɗauke da kanwa da turkuɗi da fatu da gabu, ya haye kogin Kwara ta wajen Yawuri, ya ratsa Borgu, ya bi ta Zugu har kasuwar Salaga. Tafiya ce ta watanni. Madugu ne shugaba, jagaba yana gaba yana duba hanya, ga uban dawaki, ga malamin ayari mai rubutu da addu'a. Kowace ƙasa aka shiga sai an daidaita da sarkinta a kan kuɗin fito.

A can kuma akwai fatoma, wato mai masauki. Shi zai sauke ka, ya adana kayanka, ya nemo maka mai saye, ya yi maka tafinta, ya tsaya maka idan za a ba ka bashi, sannan ya ɗauki la'adarsa. Babu kotun da ta haɗa Kano da Salaga, babu takarda mai hatimin lauya. Amana ce jarin. Wanda ya ci amana sau ɗaya, labarinsa zai riga shi isa kowane zango. Ga shi goro kaya ne mai laulayi: sai an naɗe shi da ganye, ana kwance huhu a hanya ana yayyafa ruwa, ana tsince wanda ya lalace. Duk wanda ya iya kawo goro lafiya daga Salaga zuwa kasuwar Kurmi, to ya san lissafin lokaci, ya san wanda zai ba amana, ya kuma san yadda ake juya kuɗi a hannun yara goma a garuruwa goma ba tare da sun salwanta ba.

Sai zamani ya juya. A 1874 Ingilishi suka ci Kumasi da yaƙi, ikon Asante a kan ƙasashen arewacinta ya yi rauni. A 1892 yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga, fatake suka watsu zuwa Kintampo da Kete-Krachi da Kumasi da Akra, inda zangunan Hausawa suka bunƙasa. A cikin wannan sauyi ne wani matashi ya taso, Alhassan Ɗantata. An haife shi a Bebeji a 1877, a gidan Agalawa. Mahaifinsa Abdullahi bafatake ne, ya rasu Alhassan yana yaro. Mahaifiyarsa Amarya, ita ma 'yar kasuwa, ta koma Akra da zama, wata tsohuwa mai suna Tata ta rene shi, daga nan sunan ya samo asali. Da ya girma ya bi hanyar Gwanja kamar iyayensa, sai dai bai tsaya a kan jaki ba. Wajen 1906 yana cikin Hausawan farko da suka riƙa loda goro a jirgin ruwa daga gaɓar tekun Gana zuwa Ikko. Jirgin na kamfanin Turawa ne, goron da sanin kasuwar nasa ne. Tafiyar da ke cin watanni ta koma ta kwanaki, asarar goro ta ragu. Tun daga nan ya gane amfanin aron abin da ba ka da shi domin ka ƙarfafa abin da kake da shi.

LISSAFIN DA AKA YI A MANCESTA

A daidai wannan lokaci, masu masaƙun yankin Lankasha a Ingila suna cikin damuwa. Kusan duk audugarsu daga Amurka take zuwa, kuma ba su manta yadda masaƙunsu suka tsaya cik ba lokacin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865. A 1902 suka kafa wata ƙungiya a birnin Mancesta, BCGA, domin a noma musu auduga a ƙasashen da Ingila ke mulka. Idonsu ya faɗa kan Arewacin Nijeriya. Rahotannin matafiya irin su Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a 1851, sun daɗe da ba da labarin saƙa da rini na wannan ƙasa. Lissafinsu mai sauƙi ne: mutanen da suka iya noman auduga haka, in aka kai musu jirgin ƙasa, ai sai kwasa.

Wannan buri yana cikin manyan dalilan da suka sa aka amince da shimfiɗa hanyar jirgi daga Baro, a bakin kogin Kwara, zuwa Kano. An fara aikin a 1907 zamanin Gwamna Percy Girouard, wanda shi kansa injiniyan jirgin ƙasa ne. Dogo ya iso Kano a 1911, aka haɗe shi da layin Ikko, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. BCGA ta kafa injin gurzar auduga a Zariya, ta zauna tana jira.

Audugar Kano ba ta zo ba. Dalilin kuwa duk wani masaƙi a Kura ko marini a Ƙofar Mata zai iya faɗa musu da sun tambaya. Audugar tana da masu ita a gida. Mata suna kaɗi, masaƙa suna saƙa, marina suna rini, fatake suna kai turkuɗi har Azbin da Barno, kuma kuɗin da masaƙan gida ke biya ya fi wanda BCGA ta yanka. Wane manomi ne zai bar mai saye da tsada a ƙofar gidansa ya kai wa mai saye da araha? Daga baya auduga ta karɓu a ƙasar Zazzau da kudancin Katsina da Gusau, amma a ƙasar Kano lissafin Mancesta bai ci ba. Sun zo da jari, sun zo da jirgi, sun zo da injin, ba su nemi shawarar mai ɗaki ba, alhali shi ya san inda yake masa yoyo.

YADDA GYAƊA TA SHIGO

A can Turai kuma wata ƙofa ta buɗe. A 1902 wani Bajamushe masanin haɗa sinadarai, Wilhelm Normann, ya yi rajistar dabarar daskarar da man tsirrai. Da wannan dabara aka samu damar yin majarin, wato botar talaka, da man gyaɗa da ire-irensa, maimakon dogaro ga kitsen dabba. Masana'antun Jamus da Holan da Ingila suka shiga neman mai ido rufe, ga kuma masu sabulu. Faransa dama ta daɗe tana kwasar gyaɗar Senegal.

Gyaɗa kuwa ba baƙuwa ba ce a gonakinmu. Tana son ƙasar jigawa mai rairayi irin ta Kano. Ana shuka ta tsakanin gero da dawa, ba ta hana noman abinci, tana ma gyara ƙasa. Harawarta abincin dabbobi ce. Mata suna matse mai su yi ƙuli-ƙuli. Uwa uba, idan kasuwa ta faɗi ana iya cin ta, auduga kuwa ba ta shiga tukunya. Ga haraji da Bature ya ce sai da kuɗinsa za a biya, sule da sisi, ba wuri ba. Manomi yana bukatar abin da zai sayar ya samu tsabar kuɗi ba tare da ya taɓa rumbunsa ba.

To, ga masu nema a Turai, ga masu iya nomawa a ƙauyukanmu, ga jirgi a tsakani. Me ya rage? Wanda zai haɗa su. Wakilan kamfanonin Turawa da suka biyo jirgi, irin su Kamfanin Neja da John Holt, 'yan ƙalilan ne, suna zaune a kantunansu a wajen ganuwa kusa da tasha. Yawancinsu ba su jin Hausa sosai, ba su san ranakun kasuwannin ƙauye ba, ba su san dagacin da ake jin maganarsa ba, ba su san manomin da za a ba bashi a kwana da ido biyu rufe ba. Wannan karon sai suka yi abin da BCGA ba ta yi ba. A 1912, zamanin Sarkin Kano Abbas, ta hannun Adamu Jakada, suka nemi manyan attajiran gari, irin su Umaru Sharubutu na Koki da Maikano Agogo, suka ce a sayo musu gyaɗa.

Nan ne sabon abu ya fito, kuma ba injin ba ne, tsari ne. Attajiran nan suka ɗauki hanyoyin da suka gada daga fataucin goro suka juya su zuwa gyaɗa. Kamfani ya ba attajiri kuɗi da kaya, attajiri ya rarraba wa yaransa, yara suka bazu ƙauyuka suna shelar cewa bana gyaɗa kuɗi ce. Suka bi ta hannun dagatai da masu unguwanni, suka kai gishiri da tufafi, suka ba manoma kuɗi tun kafin kaka a kan za a biya da gyaɗa. Da kaka ta yi, mata suka ɓare, jakuna da raƙuman Buzaye suka yi ta jigila zuwa bakin sikeli. Duk wannan sarƙa, daga kantin Bature har bukkar manomi, a kan amanar da aka gina a hanyar Gwanja take tafiya.

Sakamakon ya ba kowa mamaki, har su Turawan. A 1912 gyaɗar da Nijeriya ta fitar ba ta kai tan 3,000 ba. A 1913 ta haura tan 19,000. Buhuna suka cika tashar Kano har taragai suka kasa kwashewa. Jirgin da aka shimfiɗa domin auduga, gyaɗa ce ta cika shi.

Ba a tafi haka sumul ba. Damina ta gaza a 1913, yunwar Kakalaba ta biyo baya ta kashe mutane masu yawa, kuma a 1914 Yaƙin Duniya na Ɗaya ya rufe kasuwar Jamus. Fitar gyaɗa ta ja baya. Amma da yake manomi bai bar hatsinsa ba, attajiri kuma bai bar goronsa ba, sarƙar ba ta tsinke ba, cikin 'yan shekaru ciniki ya farfaɗo ya wuce inda yake a da.

ZAMANIN ƊANTATA DA DALA

Alhassan Ɗantata ba ya cikin waɗanda aka fara nema a 1912. Sai wajen 1918 Kamfanin Neja ya neme shi. Amma ya shigo da abin da ya fi na saura: ya zauna a bakin teku, ya san halin kamfanonin Turawa da yadda suke lissafi, yana kuma da jarinsa na goro. Cikin 'yan shekaru ya sha gaban kowa. Labarin nan da ya shahara na yadda ya kai ajiyar kuɗin azurfa a kan raƙuma 20 zuwa bankin Turawa a Kano a 1929, bankin da ya zama First Bank a yau, yana nuna inda abin ya kai.

Abokin hulɗarsa ma ya girma. A 1920 kamfanin sabulu na Lever Brothers ya saye Kamfanin Neja, domin ya mallaki hanyar samun mai tun daga tushe. A 1929 aka haɗe shi da wani babban kamfani aka samu UAC, ƙarƙashin Unilever. Ɗantata ya zama babban mai sayo wa UAC gyaɗa. Dogo kuma ya ƙara miƙewa: ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930, motocin ɗaukar kaya suka fara maye gurbin raƙuma. Kwarori, wato 'yan Lebanon da Siriya, su ma suka shigo tsakani, ga 'yan baranda a ƙasa da su. Har gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta riƙa gangarowa Kano ta hau jirgi, kuma da yawa daga cikin Alhazan Maraɗi ta wannan hanya suka fara, suna sayo wa kamfanonin Faransa irin su CFAO.

Ita kanta dalar gyaɗa matsala ce ta haife ta. Gyaɗa tana shigowa cikin 'yan watannin kaka, jirgi kuwa layi ɗaya ne mai tsawon kusan mil 700 zuwa Ikko, ba ya iya kwashewa sai a hankali. Ina za a ajiye? Gina rumbunan da za su ɗauki wannan kaya kuɗi ne mai yawa. Sai aka dubi yanayin ƙasar: rani mai tsawo, iska busasshiya. Aka riƙa jera buhuna a fili, ƙasa da faɗi sama da tsini, yadda ba za su rushe ba, in damina ta matso a lulluɓe da tamfol. Dala ɗaya takan ci buhu 15,000. Da sunan Ɗantata ake danganta wannan dabara, ƙartin leburori kuwa su ne suka riƙa hawa da buhu a ka har ƙololuwa. Idan mun kalli hoton, mu tuna abu biyu yake nunawa: albarkar noma, da kuma gazawar jirgin da ba namu ba.

WUƘA DA NAMA

Yanzu mu zo tambaya ta biyu. A wannan ƙawance, wa ke yanka farashi? Ba manomi ba ne, ba kuma attajirin Kano ba ne. A Turai ake yanka shi. Jiragen ruwa na Turawa ne, bankin nasu ne, masana'antar da ke matse mai tana can, sunan da ke jikin gwangwanin majarin da sandar sabulu nasu ne. Kamar dai fatar Maroko. Manyan kamfanonin kuma sukan haɗa baki a kan abin da za su saya, don kada gasa ta ɗaga kuɗi. Da tattalin arzikin duniya ya rushe a 1929, farashin gyaɗa ya faɗi warwas a shekarun da suka biyo baya, haraji kuwa yana nan. Manomin da ya karɓi kuɗi tun kafin kaka ya wayi gari yana noma wa bashi. Ƙananan 'yan baranda da yawa, waɗanda duk jarinsu na kamfani ne, suka karye. A Gana manoman koko sun kai ga ƙin sayar da kayansu a kakar 1937 zuwa 1938 saboda irin wannan haɗin baki.

Me ya sa Ɗantata bai karye ba? Saboda bai taɓa zama ɗan aiken kamfani kawai ba. Bai saki goro ba, yana cinikin shanu da tufafi da duwatsun ado, yana sayen filaye da gidaje, yana da yaransa da suke nasa ba na UAC ba. Kamfani yana bukatarsa kamar yadda yake bukatar kamfani, kuma kowannensu ya san haka. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Da ya rasu a 1955, ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma, kuma gidan bai rushe da rasuwarsa ba. 'Ya'yansa irin su Sanusi da Aminu suka ci gaba, kuma Aliko Ɗangote jikan Sanusi ne ta wajen uwa.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta karɓe sayen gyaɗa daga hannun kamfanoni, a 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa ta ƙasa, a 1954 ta koma hukumar ciniki ta Jihar Arewa. Wuƙar ta bar hannun kamfani ta koma hannun hukuma. Attajiranmu suka samu lasin saye kai tsaye, wannan ci gaba ne. Amma manomi ana biyansa ƙasa da farashin duniya, rarar tana taruwa a asusun hukuma. Da wani ɓangare na wannan rara aka ƙulla wani sabon ƙawancen: masaƙar Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957, haɗin gwiwar gwamnatin Arewa da kamfanin David Whitehead na Lankasha. Abin sha'awa, jikokin waɗanda suka zo neman auduga su tafi da ita, su ne suka dawo suka kafa masaƙa a nan.

A shekarun 1960 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa, abin da hukuma ke saye a kaka mai kyau yana kai wa tan miliyan 1. Sai farin 1972 zuwa 1974 ya zo, cutar kuturtar gyaɗa ta biyo baya a 1975 ta cinye gonaki, kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, manomin da aka daɗe ana tauye wa farashi ya koma wasu amfanin gona. Dala ta ɓace. A 1986 aka rushe hukumomin cinikin gaba ɗaya. Shekara sittin muna tura gyaɗa ɗanya, masana'antun matse mai da aka kafa a Kano ba su taɓa kai girman abin da ake fitarwa ba, ba mu kuma fito da wani suna namu da duniya ta sani a kan mai ko sabulu ba.

ABIN DA YA RAGE MANA

Idan muka jera labarin auduga da na gyaɗa, amsar tambayar farko a fili take. Jirgi ɗaya ne, ƙasa ɗaya, shekara ɗaya, Turawa iri ɗaya. Masu auduga sun zo da shirinsu a rubuce suna jiran a bi. Masu gyaɗa sun yarda akwai abin da ba su sani ba, suka nemi waɗanda suka sani. Ƙawance yana haifar da sabon abu ne idan kowane ɓangare ya kawo abin da ɗayan ba zai iya saye da kuɗi cikin sauri ba. Bature ya kawo kasuwa da jirgi da jari. Bafatake ya kawo amana da sanin mutane, waɗanda aka shekara ɗaruruwa ana tarawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Amsar ta biyu ita ce mai ɗaci. Kawo abu mai daraja bai isa ya ba ka rabo mai daraja ba. Wanda ya riƙe ƙarshen hanya, inda ake sarrafa kaya a sa musu suna, shi ke yanka. Wanda kuma ya shiga ƙawance ba shi da wata ƙafar tsayuwa, ranar da abokin ya juya baya sai faɗuwa.

Wannan ba tsohon zance ba ne. A yau riɗinmu yana tafiya Japan da Sin da Turkiyya, zoɓonmu yana tafiya Meziko, fatun da ake jemewa a Kano suna zama takalma da jakunkuna a Italiya da Sifen da sunan wasu. A kasuwar Dawanau akwai matasa da yawa da ke sayo wa baƙi kaya da kuɗin baƙin, kamar yadda 'yan baranda suka yi. A Kantin Kwari kuma mun ga yadda masu masaƙun Sin, waɗanda da ake zuwa a saro a wurinsu, suka koyi hanya suka iso da kansu. Matasanmu masu harkar manhajar waya da kasuwancin intanet su ma kullum suna neman mai zuba jari daga waje.

Ba muna cewa a guji baƙo ba. Da Ɗantata ya guji jirgin ruwa, da ya ƙare a bayan jaki. Abin da muke cewa shi ne, kafin mu sa hannu mu tambayi kanmu: mene ne namu da abokin nan ba zai samu ba sai ta wurinmu, kuma shekara nawa zai ɗauka kafin ya koya ya daina bukatarmu? Mu kuma me muke koya daga gare shi a cikin waɗannan shekaru? Wa ke yanka farashi? Sunan wa zai hau kan kayan? In ya tafi gobe, da me za mu tsaya?

'Yan uwa da ke Dawanau da Kwari da Maraɗi da zangunan Kumasi, da waɗanda kakanninsu suka yi awon gyaɗa ko suka hau dala da buhu, muna son jin abin da kuka gani ko kuka ji daga manya. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.